Hoton Raƙumin Dawa: Wa Aka Ɗauka, Wa Aka Yanke?

Duk wanda ya taɓa shiga otal ko ofis a Yamai ya san hoton nan: raƙumin dawa tsaye, wuya a miƙe, rana na faɗuwa bayansa ja wur, ga itace guda a gefe. Yana cikin kalanda, yana bangon ma'aikatu, yana yawo a Facebook duk sa'ad da aka so a nuna ƙasarmu ma tana da abin kallo. Hoton Kure ne, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, inda garken ƙarshe na raƙuman dawan Afirka ta Yamma yake rayuwa. Ni karatun ilimin harshe nake, aikina bin diddigin magana. To, hoto ma magana ce, ana iya yi masa tambayoyin da ake yi wa kowace magana: me ya faɗa, me ya bari, kuma da wa yake?

Hotunan Kure iri biyu ne. Na farko shi ne wanda na ambata, na ado. Na biyu kuwa ba mai rataye shi a bango, don ba shi da kyan gani: dabba ce a tsaye ta gefe, cikin hasken rana tsaka, wani lokaci har reshe ya kare mata fuska. Wannan shi ne hoton ƙidaya. Zanen da ke jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsan mutum, kuma ba ya canzawa har mutuwa. Saboda haka masu ƙidaya, tare da ƴan rakiyar yankin, sukan fita da damina, lokacin da dabbobin ke taruwa a kan tudu, su ɗauki kowace dabba ta dama da ta hagu, su gwada da hotunan da ke cikin kundi. Da haka ake sanin wanda aka haifa, da wanda ya ɓace, kuma ba a ƙirga ɗaya sau biyu.

A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage. Daga baya sun haura 600. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2008, ta sassauta matsayinsu a 2018. A Nuwamban wannan shekara ta 2018 aka kwashi takwas aka kai su gandun dajin Gadabeji, can wajen Dakwaro a jihar Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 800, wurin da suka yi shekaru kusan 50 ba a gan su ba. Irin waɗannan shawarwari sai da alƙaluma ake yanke su, alƙaluman kuwa daga hoton nan maras kyau suke fitowa.

Nan ne nake ganin raunin hoton ado. Ba shi da rana, ba shi da wuri, ba ya faɗin wace dabba ce. Wanda aka ɗauka lokacin da suke 49 da wanda aka ɗauka suna 600 duk ɗaya ne a ido. Hoton da ba ya iya bambanta yawa da ƙaranci, ina zai ba da shaida? Ku dubi Tarmit, arewa da Damagaram. A 2016 an yi bincike ta sama da ta ƙasa don neman farar barewar hamadan nan da Turawa ke kira adaks, guda uku tak aka gani. Da wani gwani ya ɗauki ɗaya cikinsu a kan tudun rairayi, wallahi mai kallo sai ya ɗauka hamadar cike take da su. An ce gani ya kori ji, amma irin wannan gani yana iya sa mutum barci.

Kada dai in yi wa hoton ado rashin adalci. Shi ya jawo baƙi ƴan yawon buɗe ido zuwa Kure, kuɗinsu ya shiga hannun ƴan rakiya da ƙauyuka, mutane suka ga dabbar na da amfani a raye. Sai dai amfanin nan ya rataya ne a kan zuwan baƙo. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a yankin, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Raƙuman dawa kuwa suna nan, suna ci, suna haihuwa, kuma waɗanda suke zaune da su ba su tafi ko'ina ba.

Su ne mutanen da aka yanke daga hoton. Kure ba gandu ba ne mai shinge. Dabbobin suna ratsa gonaki, suna cin wake a gona, suna cin mangwaro, da rani su gangara Dallol Boso neman ganyen gawo. Manomin da aka ci wa wake ya haƙura bai ɗauki makami ba, haƙurin nasa yana cikin dalilan da 49 ta zama 600. Amma mai hoto sai ya jira mace mai ɗauke da itace ta wuce, rumbu ya fita daga fili, sannan ya danna. Abin da ke fitowa daji ne wayam, kamar ba ɗan Adam. Wannan ƙarya ce, ko da kowane ɗigo na hoton gaskiya ne. Kuma ƙarya ce mai tsada, don tana ɓoye ainihin barazanar: sarar itace da ake yi don girkin Yamai, da gonakin da ke cin dajin tudu. Hoton mota maƙare da itace tana barin yankin ya fi faɗuwar rana goma faɗin halin da raƙumin dawa yake ciki.

Abin mamaki, magabata ba su yi wannan yanka ba. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita biyar. Mai sassaƙar ya bi zanen jikin dabbar ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙidaya. Kuma daga bakin kowace dabba ya ja layi ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Ko mene ne ma'anar layin, ya sa mutum da dabba a fili guda.

Sai in zo ga abin da ya fi shafata, wato ƴar rubutun da ke ƙarƙashin hoto. Kusan kullum Faransanci ne ko Ingilishi, sai sunan kimiyya: Giraffa camelopardalis peralta. Ba ni da faɗa da sunan nan, har ma yana ba ni sha'awa. Kalmar tsakiya raƙumi da damisa ta haɗa, ke nan mutanen da can da Bahaushe duk raƙumi suka fara gani a jikin dabbar. Peralta kuwa an raɗa shi ne a 1898, daga wata dabba da aka harbe kusa da Lakwaja a Nijeriya, abin da ke nuna nisan inda suke kaiwa a da. Amma manomin Kure Zabarmanci yake ji, makiyayin yankin Fulatanci, a Gadabeji kuma ga Fulani, ga Buzaye, ga Hausawa. Hoton da aka rubuta wa bayani da harshen da ba su karantawa, ai da wani yake magana, su kuwa labarinsu ake ba da wa a bayan idonsu.

Kuma sunayen namu ma suna ƙarewa. Ku gwada a ajinku: wa zai bambanta gwanki da kanki, ko mazo da gada? Yawancinmu duk mai ƙaho da gudu barewa ce. Ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da kalmar mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya. A 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da ita a Cadi daga waɗanda aka kiwata. Dabba ta tafi, kalma ta bi ta a hankali, tare da karin magana da kirarin maharba da ke rataye da ita. Hoto shi ne abu guda da zai iya riƙe su biyun a takarda ɗaya, in dai an rubuta sunan.

Saboda haka ga mizanin da nake auna hoton dabba da shi. Ina so in ga rana da yanki, amma ba takamaiman wuri ba in dabbar da maharba ke nema ce. Ina so in ga abin da ke kewaye da ita, gona ce ko rijiya ko kututturen da aka sare. Ina so in ga sunanta da harshen masu wurin, kafin na Latin. Hoton da ya cika waɗannan, ko da wayar hannu aka ɗauke shi, ya fi na gwani da ya bar su.

Wannan kuwa aiki ne da bai fi ƙarfinmu ba, ƴan'uwa. Ba sai mun je Kure ba. Shamuwa tana sauka garuruwanmu kafin ruwan farko. Wa yake rubuta ranar zuwanta shekara-shekara? Yaushe rabon da a ga gauraka a tabkin garinku? In hutu ya zo, ku ɗauki hoton abin da kuka gani, ku kai wa tsohon maharbi ko makiyayi ya faɗa muku sunansa da abin da ya sani a kai, ku rubuta yadda ya furta, ku sa rana. Ku kawo mana, mu buga a fitowa ta gaba.