Jinjina ga Masu Kafa Sabuwar Zumunta

A Kumbashi da ƙauyukan masarautar Kontagora, sabuwar zumuntar Kirista takan fara ne da 'yan iyalai kaɗan da ke haɗuwa a zaure ko ƙarƙashin rumfar kara. Dattawa da mai bishara su ne ke ɗauke da nauyin tsara ta, galibi ba tare da albashin a zo a gani ba.

Aikinsu na farko shi ne tsara lokaci. Suna sa sujada da Makarantar Lahadi yadda ba za su ci karo da ranar kasuwa ko aikin gona ba. Da kaka a yi godiyar girbi, dammunan dawa da buhunan masara su zama kuɗin kwanon rufi. Zumuntar Mata kuwa ita ke gaida marasa lafiya, ta girka abincin biki da na makoki.

Sai batun harshe. Kambari da Kamuku da sauran ƙabilu kan haɗu a kan Hausa, wadda aka fassara cikakken Littafi Mai Tsarki da ita tun 1932.

Daga nan a zaɓi ɗariƙar da za a jingina da ita: ECWA, wadda ta samo asali daga ƙungiyar mishan ta SIM a 1954, ko UMCA, ko Katolika, wadda Kontagora ta zama cikakkiyar dayosis ɗinta a 2020. Ɗariƙar ce ke turo fasto, ta kuma haɗa zumuntar da ƙungiyar Kiristoci ta CAN.

Haƙurin waɗannan bayin Allah abin yabo ne. Ba don su ba, da marayu da gwauraye da yawa sun rasa madogara.