Wasan da Sony ta binne, Mawashi ta tono

Mai karatu, ka yi haƙuri, wannan watan ba fim zan yi wa sharhi ba. Wata Juma'a a Mawashi, bayan an sauko daga masallaci, na leƙa wani shagon gem: benci biyu, talabijin uku, janareta na ta tari a waje. PlayStation 2 ce, amma ko faifai ɗaya babu. An yi mata kutse, an soka mata filash, duk wasannin na ciki.

Na'urar nan a 2000 ta fito, zuwa 2013 Sony ta daina ƙera ta. Ƙwallon PES 2014 na cikin wasannin ƙarshe da aka yi mata. Amma sai ga Osimhen da Lookman suna gudu a fili! Wasu gwanaye ne a intanet suka sauya sunaye da riguna. Gaskiya Osimhen ɗin gashi kawai ya ɗauko, fuskar ta wani ce. Hoton buɗe wasa ma yana sarƙewa kamar kaset ya ci zare, domin ramin filash na PS2 tsohon yayi ne, ba ya da sauri. To amma da an take leda, sai ka manta. Ƙwallo na da nauyi, fasin na zuwa inda ka nufa, yara na ihu.

Sata ce? Sata ce mana. Ni ɗin nan na sha caccakar masu tura fina-finanmu a waya, waɗanda suka kashe kasuwar faifai, kuma ban janye ba.

Sai dai ga inda bakina ya mutu. Nintendo ta rufe kantinta na intanet na 3DS da Wii U a 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Sony ma ta yunƙura kan na PS3 a 2021, ƙorafin jama'a ya sa ta fasa. Wasan da ta intanet kaɗai aka sayar da shi, ranar da kanti ya rufe, ko da kuɗinka a hannu ba mai sayar maka. Sai wajen masu kutse.

Mu kuma fa? Shiga Ƙofar Wambai ka nemi kaset ɗin Turmin Danya na 1990, ka ga kallon da za a yi maka. Ni dai Sangaya da na sake kallo bara, daga kwamfutar wani mai turawa na samo shi, naira ɗari na biya.