Masu Zanen Bata da Zauren Baje Koli

Idan ana maganar zane a Arewa, hankalin masana kan tafi Zariya, inda su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958. A ganina, an tauye haƙƙin masu zanen Bata, tsakanin Fagge da Sabon Gari.

Mai zanen jami'a yakan shafe watanni a ɗaki yana shirin baje koli, masu kallonsa kuwa ba su wuce cikin zaure guda ba. Na Bata rumfa ce ɗakinsa. Allon shagon aski, da zaki ko dawisu a bayan babbar mota, su ne baje kolinsa, daga Kano har Maraɗi.

Akwai rauni, ba shakka: kai kan rinjayi jiki, kwaikwayon hotunan finafinan Indiya kuma ya yi yawa. Amma wajen haɗa launi da tsara harafi, hannunsu ya faɗa.

Yanzu bugun kwamfuta ya ƙwace musu kasuwa. Ya kamata a tattara allunan nan a Gidan Ɗan Hausa tun kafin rana da ruwa su cinye su, malamai kuma su kai ɗalibai su gani.