Daga Gidan Wa Ya Fito? Sunan Mai Ajiya da Darajar Kayan Tarihi

Duk wanda ya taɓa zama wurin dillalan tsofaffin kaya, ko a Kasuwar Kurmi ta Kano ko a zauren wani attajiri mai sha'awar kayan da, ya san ciniki ba ya ɗaukar zafi sai an zo kan tambaya guda: daga gidan wa ya fito? Takobi ne ko alkyabba, sirdi ne ko Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, kuɗinsa kafin a ambaci gida daban, bayan an ambata kuma daban. Ƙarfen yana nan yadda yake, zaren bai ƙaru ba. Suna aka ɗora a kai, sunan kuma ake taya wa.

A Kontagora tambayar tana da nauyi, domin masarauta ce da aka kafa a bayan doki. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa ta da sarautar Sarkin Sudan, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ya hau a 1880, sojojin Turawa suka ci garin a 1901, ya fita, daga baya aka kama shi, aka mayar da shi gadon sarauta a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929. Shekarun hawan yaƙi irin waɗannan sukan bar kaya a baya: takubba da masu, sulke da lifidi, tambura da layu, da wasiƙun da ke kai-komo tsakanin fada da Sakkwato. To amma garin da aka ci da yaƙi kayansa watsewa suke yi. Wasu su bi masu gudu, wasu su faɗa hannun masu nasara, abin da ya rage kuma rabon gado ya yi ta tsinka shi, ɗaki-ɗaki, har jikoki su rasa sanin wane ne na wa.

Shi ya sa kowane tsohon abu yake ɗauke da suna iri biyu, kuma mutane na yawan cuɗa su. Akwai sunan wanda ya yi aiki da abin, wanda ya rataya takobin ko ya yi karatu da littafin. Akwai kuma sunan wanda ya saya ya ajiye. Na farkon shi ake nema, amma shi ne ya fi saurin ɓacewa, sai na biyun ya tsaya a madadinsa. Za ka ji dillali ya ce a wajen marigayi Alhaji wane ya samo, kowa kuwa ya san Alhaji da tara kayan sarauta, ba ya ajiye na banza. Da wannan magana kaɗai sai mai saye ya saki jiki ya ƙara taya.

Ko sunan mai ajiya yana ƙara kuɗi, wannan ba abin musu ba ne. Yana ƙarawa. Abin da nake musu a kai shi ne ko yana ƙara daraja, kuma a ganina ba ya ƙarawa sai idan mai ajiyar ya adana sani tare da kayan.

Dubi Malam Umaru Falke na Kano, malami kuma ɗan kasuwa, ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, wanda ya rasu a 1962. Littattafansa da takardunsa, sama da 3,000, yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka, a ƙarƙashin sunansa. Da yawa daga cikinsu, in ka ɗauke su ɗai-ɗai, ba baƙi ba ne, littattafan fiƙihu ne da waƙoƙin wa'azi da fa'idoji da ake samu a zaurukan malamai da dama. Abin da ya ɗaga su shi ne zamansu wuri ɗaya. Suna nuna abin da malami falke yake karantawa, da abin da yake koyarwa, da abin da mutane ke zuwa nema a wajensa. Da an sayar da su warwatse da wannan sanin ya tafi, ko da kowane shafi ya tsira. Haka nan taskar Waziri Junaidu a Sakkwato, wanda ya rasu a 1997. Takardun gidan Giɗaɗo ne, gidan da ya riƙe waziranci tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a kansu masanin tarihi Murray Last ya dogara sosai wajen rubuta littafinsa na 1967 kan Daular Usmaniyya. Sunan Waziri yana da nauyi a kan takarda domin ya san wanda ya rubuta ta, da wanda aka aika wa, da dalilin aikawa.

Littafin hannu ma yakan ba da shaidar kansa ga wanda ya iya tambayarsa. Ɗaga shafi ɗaya ka duba shi a hasken rana. A tsofaffin takardun da suka ƙetaro Sahara daga Italiya za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Juya ƙarshen littafin, inda marubuci ke rufewa da godiya ga Allah, sau da yawa ya sa sunansa da sunan wanda ya rubuta wa. Duba gefen shafuka, inda ɗalibi ya yi ta cusa fassarar kalmomi da ajami, da wata tawada, da wani hannu. Duba inda yatsu suka baƙanta kusurwa saboda yawan buɗewa. Takobi ba shi da wannan bakin, kuma saboda haka ya fi sauƙin ɗora wa ƙarya.

Amurkawa, da suka mayar da tara kayan wasan besbol babbar kasuwa, sun sha wannan darasi da tsada. Barry Halper, mai ɗan hannun jari a ƙungiyar Yankees ta Niyok, ya tara kayan besbol da ake ganin babu kamarsu a hannun mutum ɗaya. A 1999 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsu a kan sama da dala miliyan 21, wasu kuma an riga an saye su domin gidan tarihin wasan da ke Cooperstown. Cewa abu daga wajen Halper ya fito ta wadatar a lokacin. A 2010, bayan rasuwarsa, bincike ya nuna rigar da aka ce ɗan wasa Joe Jackson ya sa a 1919 tana ɗauke da zaren roba da ba a fara yin irinsa ba sai bayan shekaru da dama. Ga kuma katin hoton ɗan wasa Honus Wagner, irin wanda kamfanin taba ke sakawa a kwalin sigari wajen 1909. Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan ƙanƙara na Kanada, da abokinsa sun sayi ɗaya a 1991 a kan dala 451,000, katin ya ci sunansa, ya kai dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan katin tun da farko don ya yi kyan gani. Manyan hannuwa sun riƙe shi, babu wanda ya goge wannan aibi.

Mu kuwa muna da ma'auni a gida, wanda kowane ɗalibin zaure ya sani. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya don kawai babban malami ne ya faɗe ta a ƙarshe. Sai sun bi isnadi mutum bayan mutum, wa ya ji daga wa, sun yi zamani ɗaya, an san shi da gaskiya da kiyayewa. In an sami giɓi a tsakiya, girman na ƙarshe ba ya cike shi. Abin mamaki ne al'ummar da ta gaji wannan tsantseni ta riƙa sayen takobi a kan an ce. Alhaji wane mutumin kirki ne, na yarda, amma shi daga wa ya karɓa, a wace shekara, wa ya shaida?

Akwai kuma inda babban suna ke zama mayafin ɓarna. Gumakan yumɓu na Nok da na yankin Sakkwato da aka haƙe a ɓoye sun bi hannun dillalai har aka baje uku a gidan tarihi na Louvre a Faransa a 2000. Sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aro aka ba Faransa na shekara 25. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba da izini ba, kuma shaharar wanda ya riƙe su a baya ba izini ba ce.

Sunan Nagwamatse kansa ba sauti ɗaya yake yi a kowane kunne ba. A fada sunan jarumta ne da kafa ƙasa. A wajen Kambari da Gwari da Kamuku da Dukkawa, waɗanda hare-haren bayi suka faɗa wa kakanninsu, tuni ne na ƙauyukan da aka tasa. In har an tabbatar da wani takobi na wancan zamani ne, labarinsa bai cika ba sai an haɗa da nasu, kuma bai dace a ce abin da za a fara tambaya a kansa shi ne nawa zai yi ba.

Ina kira ga majalisar masarautar Kontagora da malaman tarihi na garin su buɗe rajistar kayan da ke gidaje, da hoto da bayani, ba tare da an karɓe wa kowa nasa ba. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon abu a gidanku, je wurin tsohon da ya fi kowa saninsa tun yana da rai. Rubuta na wane ne, wa ya ba wa, a zamanin wane sarki, ka sa shaidu biyu su sa hannu, ka ajiye takardar tare da abin.