Matthieu Ricard: Daktan Da Ya Ajiye Farar Riga Ya Yafa Jan Mayafi

Jama'a, duk wanda ya ce Matthieu Ricard ya guje wa kimiyya bai karanta shi ba. Ni kam na karanta, na maimaita, kuma har gobe ban gaji ba.

Ku dubi abin da ya bari. Ɗan Faransa ne, haifaffen 1946, ɗan babban gida: mahaifinsa shi ne Jean-François Revel, masanin falsafa mai kaifin alƙalami, mahaifiyarsa kuma mai zane ce, Yahne Le Toumelin. Ya yi digirin dakta kan ƙwayoyin halitta a Cibiyar Pasteur ta Paris, a hannun François Jacob wanda ya ci kyautar Nobel a 1965. Hanya ta buɗe masa wasai. Amma tun 1967 ya riga ya je Indiya ya zauna gaban malamin addinin Buddha Kangyur Rinpoche a kusa da Darjeeling, kuma zuciyarsa ba ta dawo ba. Yana kammala karatu a 1972 sai ya nufi duwatsun Himalaya, a 1979 ya zama ɗan zuhudun addinin Buddha, ya yi ta hidimar malaminsa Dilgo Khyentse Rinpoche har rasuwar malamin a 1991. Tun 1989 shi ne tafintan Faransanci na Dalai Lama.

Littafin da ya sace min zuciya shi ne Le Moine et le Philosophe na 1997, hirar uba da ɗa a Nepal. Uban ba ya yarda da komai sai ya ga hujja, yana tambaya yana tsokana yana matsa wa ɗan lamba, ɗan kuwa yana amsawa a tsanake, cikin ladabi da haƙuri da sanin abin da yake faɗa, ba ya ɗaga murya kuma ba ya ja da baya. Kai, daɗi!

Sai maganar ƙwaƙwalwa, wadda kowa ya fi sani. A Jami'ar Wisconsin, Richard Davidson da abokan aikinsa sun manna masa wayoyi 256 a kan askakken kansa yana halwar tausayi, suka ga igiyoyin gamma sun yi ƙarfi fiye da yadda aka saba gani. Daga nan 'yan jarida suka liƙa masa laƙabin wanda ya fi kowa farin ciki a duniya. Haushi laƙabin nan yake ba ni, shi ma ya sha musanta shi, don mutum nawa aka gwada?

Abin da ya fi burge ni aikinsa ne da masaniyar ƙwaƙwalwa Tania Singer. Yana kwance cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ce ya ɗauki wahalar wasu ya ɗora wa ransa. Ya tuno marayun Romaniya da ya gani a wani shirin talabijin, ba a jima ba ya galabaita, ransa ya ƙuntata. Da ya koma halwar fatan alheri da ƙauna ga yaran, sai ƙarfinsa ya dawo, kuma wasu sassan ƙwaƙwalwa ne daban suka motsa. Ashe jin zafin wani yana iya ƙarar da mutum, tausayin da ke neman taimako kuwa ƙarfafa shi yake yi. Ina ma duk nas da likita da mai jinyar tsoho za su karanta wannan!

Ƙorafina guda ne: littafinsa Plaidoyer pour l'altruisme na 2013 ya cika kauri, sai ka ce tubali, hannu na gajiya kafin ido. Amma na yafe masa, tunda kuɗin littattafansa da na hotunansa duk Karuna-Shechen yake miƙa wa, ƙungiyar agajin da ya kafa a 2000 mai ɗaukar nauyin makarantu da asibitoci a Nepal da Indiya da Tibet. Su kuwa hotunan, in ba ku taɓa ganin 'yan zuhudunsa suna tsalle jajayen mayafansu na kaɗawa a iska ba, ku nemo su yau.