Allurar da Ake Jona wa Lantarki

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san dare ya fi rana wuya. Da rana ga masu dubiya, ga zuwa sashen gashi ana motsa hannu da ƙafa. Da dare kuwa gida ya yi tsit, majinyaci idonsa biyu har kiran assalatu. Ba rigima ba ce. Jijiyar da ta toshe ko ta fashe takan taɓa wuraren da ke tsara barci da farkawa, wato talamus da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa da kuma gindinta inda ta haɗe da laka. A kan wannan ga damuwa, ga ciwon kafaɗa, ga yawan gyangyaɗin rana.

Hanya mafi sauƙi ita ce a aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar barci. Sai dai mutumin da da ma yake jan ƙafa, idan ya tashi fitsari da jirin ƙwaya a kansa, faɗuwa ba ta yi masa nisa ba. Akwai wata hanya mai ɗaukar lokaci, ta tsira allurai irin na Sinawa a jona musu ɗan lantarki.

Gwanin aikin ba da allura yake farawa ba, da tambaya yake farawa, kuma galibi matar majinyaci ko 'yarsa ce ke da amsa. Yana munshari? Numfashinsa na ɗaukewa yana barci? Idan haka ne, sai a mayar da shi wurin likita, domin toshewar numfashi cikin barci ta yi yawa a masu wannan ciwo, allura kuma ba ta buɗe maƙogwaro. An sa masa na'urar daidaita bugun zuciya? To babu zancen lantarki. Yana farfaɗiya? Yana shan asfirin ko warfarin, masu tsinka jini? Sai an auna hawan jini, an cike takardar tambayoyin barci, irin wadda aka tsara a Jami'ar Pittsburgh a 1989, sannan a buɗe akwatin kaya.

Allurar ba irin ta asibiti ba ce. Ba ta da rami, ba ta ɗauke da magani, kaurinta wajen rubu'in milimita, kuma sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafi a 2008 mai nuna gurabe 361 a jikin ɗan Adam, amma mai matsalar barci kaɗan yake buƙata daga ciki. Abin sha'awar shi ne yadda ake gano su. Ba a auna kowa da ma'auni ɗaya; yatsun majinyacin kansa ne abin awo. Faɗin yatsu uku sama da layin wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyu, nan ne Neiguan. Faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, a bayan ƙashin ƙwauri, nan ne Sanyinjiao. Shenmen yana kan layin wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa. Baihui kuwa, sai a ja layi daga saman kunne zuwa saman kunne, inda ya ratsa tsakiyar kai. Yintang yana tsakanin gira biyu.

Sai gwanin ya goge fata da auduga mai sifirit, ya kafa ɗan bututun roba da allurar ke ciki, ya ɗan buga kanta da yatsa sau ɗaya. Ta shige kafin fata ta ankara. A ka, inda babu tsoka, ba a miƙe ake shigar da ita ba, kwantar da ita ake yi ta bi ƙarƙashin fata. Daga nan ya riƙa murza ta tsakanin babban yatsa da manuniya, yana ɗan ɗagawa yana mayarwa, yana jiran abin da Sinawa ke kira de qi: majinyaci ya ji nauyi ko tsami a wurin, shi kuma ya ji kamar naman ya kama allurar, yadda mai fatsa ke jin kifi ya taɓa ƙugiya.

"Baba, nauyi ka ji ko zafi?"

"Nauyi ne, ɗana."

In da zafi ya ce, da an janye an gyara.

Na'urar ba ta fi tafin hannu biyu ba, da batir take aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta. Wayoyinta bibbiyu ne, kowace da ɗan maƙali a baki. Ana yawan haɗa Baihui da Yintang. Ƙa'ida ce kada a maƙala ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, don kada lantarki ya ratsa ƙirji. Maɓallin ƙarfi daga sifiri yake tashi, a hankali, har allurar ta soma rawa. A nan ake gane wanda ya ƙware. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya ji sosai, don haka "ban ji komai ba" ba izinin ƙara wuta ba ne. Gwani tsokar yake kallo, ya gwada da ɓarin lafiya, ya tsaya ƙasa da abin da baki ya nema.

Ɗaya maɓallin na yawan bugu ne. Han Jisheng na Jami'ar Peking ya shafe shekaru yana nuna cewa bugu 2 a daƙiƙa yana sa ƙwaƙwalwa da laka su saki enkefalin da endofin, bugu 100 kuma ya sa su saki dainofin, dukkansu masu kashe ciwo ne da jiki ke haɗa wa kansa. Game da barci, masu bincike suna bin sawun GABA, sinadarin da ke lafar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da melatonin mai sanar da jiki dare ya yi. Sai dai a faɗi gaskiya: yawancin abin da aka gani a cikin ƙwaƙwalwa a ɓeraye aka gan shi, gwaje-gwajen mutane kuma mafi yawansu daga Sin suke, da dama ƙanana ne. Masu ciwon da yawa sun ce barcinsu ya gyaru, amma wannan ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko motsa jiki. Shi ya sa ya dace a tambayi mai yi ko yana da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda ke kula da irin wannan aiki.

Minti 20 zuwa 30 ake yi. Wani zai jona waya ya fita baranda yana latsa tasa. Wanda ya san aikinsa yana nan kusa, domin jiki kan saba da bugun bayan 'yan mintuna, maƙali kan zame, tsoho kan ji jiri bai faɗa ba. Da lokaci ya cika sai ya mayar da maɓalli sifiri kafin ya taɓa waya, ya zare allurai yana ƙirgawa har adadinsu ya yi daidai da wanda ya tsira, ya daɗe yana danna auduga a kan mai shan asfirin. Sannan ya miƙa wa 'yar Baba takarda, ta riƙa rubuta lokacin da ya kwanta, da sau nawa ya farka, ta zo da ita ranar dawowa.