Masu gyaran baƙin keke a Tasawa da Mayahi

A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin injinan zuƙe ƙura na Hoover da Electrolux, suna alfahari da cewa na zamanin kakanninsu har yau yana tashi. A Tasawa da Mayahi wannan ba abin damuwar kowa ba ne, tsintsiya ta gama magana. Tsohon injin da ya ƙi mutuwa a nan shi ne baƙin keken ɗinki na ƙafa, mai zanen ruwan zinari a wuya. Yana cikin rumfunan teloli a bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, yana ɗakin matan aure a Kanan Bakashe da Maijirgi da Korgom. Mutane kan ce ƙarfen da ne, shi ya sa. Ƙarfen yana da nasa rabo, amma ni a ganina rabin ran keken nan yana hannun mai gyara.

Gwanin mai gyara ba ya fara aiki da sukuddireba. Tela zai sauke kan keken daga bayan babur ya ce, "Maigida, tun jiya yake tsallake ɗinki, ga Sallah ta matso." Shi kuwa sai ya ce, "To, ajiye mu ji ta bakinsa." Ya ɗora tafin hannu a kan wilin, ya juya a hankali, ya karkata kai. Ƙarar busasshen ƙarfe daban, ta haƙoran da suka cika da ƙura daban, ta allurar da ke gogar ƙoshiya daban. Kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya ya riga ya san inda zai nufa.

Abin da yake saurare yana da dalili. Keken nan da zare biyu yake aiki: na sama da allura ke shiga da shi cikin yadi, da na ƙasa da ke naɗe a kwarkwaro. Idan allura ta kai ƙasa ta fara dawowa, zaren sama yakan ɗan yi lanƙwasa a bayanta, a daidai wannan lokacin bakin ƙoshiya zai zo ya cafke shi, ya zagaya da shi bayan kwarkwaro, zare biyun su sarƙe a tsakiyar yadi. Tazarar da allura ke ɗagowa kafin a cafke zaren ba ta wuce milimita biyu da ɗan abu ba. In bakin ƙoshiya ya yi gaggawa ko ya makara, ɗinki ya tsallake ke nan. Mai gyara yana daidaita wannan da ido da ɗan yatsa: ya sassauta ƙusar sandar allura, ya ɗaga ta ko ya sauke ta kaɗan, ya ɗaure, ya gwada a kan ƙyalle.

Sau da yawa ma ba a kai nan. Allurar ce aka sa a karkace, ko ta lanƙwashe tun ranar da aka tura ta cikin kaurin wando. Akwai kuma abin da ke ruɗar sabon tela: zare ya dunƙule a ƙarƙashin yadi, sai ya yi ta murɗa ƙusar gidan kwarkwaro, alhali ciwon yana sama, zaren allura ne bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba. Gwani yakan ciro gidan kwarkwaron ya rataye shi da zarensa, ya ɗan girgiza hannu. In ya zame kaɗan ya tsaya, lafiyarsa lau. In ya sulale har ƙasa, ya yi sako-sako. In ya ƙi motsi, an matse shi da yawa.

Manyan abokan gabar keke a ƙasar nan biyu ne, ƙurar hunturu da man gyaɗa. Tasawa ƙasar gyaɗa ce, kuma wadda man keke ya ƙare mata ba ta rasa ɗigon na girki. Ranar farko keken zai yi santsi. Bayan 'yan watanni man ya daskare ya haɗu da rairayi da burbushin atamfa ya zama danƙo, wili ya ƙi juyawa. Mai gyara zai cire farantin allura, ya tono dattin da ke tsakanin haƙora da tsinke, ya wanke gaɓoɓin da kananzir, ya bari su sha iska, sannan ya bi ramukan mai ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga na ainihi. Keken da aka kawo a matsayin gawa ya koma gida yana gudu.

Abin da ya sa gyaran ke yiwuwa ya samo asali daga nesa. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar injin ɗinkinsa a 1830, teloli 'yan'uwansa suka farfasa masa su don tsoron rasa abinci. A Amurka Elias Howe ya yi rajistar ɗinkin zare biyu a 1846, Isaac Singer ya fito da nasa a 1851, suka yi shari'a Howe ya ci. Sai dai kasuwa ta Singer ce, domin abokin kasuwancinsa, lauya Edward Clark, ya ɓullo da sayarwa biya kaɗan-kaɗan a 1856. Kamfanin ya gina wata ƙatuwar masana'anta a Kilbowie da ke Clydebank a Sikotland cikin shekarun 1880, kuma harafin K da ake gani a lambar samfuri irin 15K na nufin can aka ƙera shi. An rufe masana'antar a 1980, kekunanta ba su ji labari ba.

Samfurin 15 ɗin nan, wanda tushensa ya koma 1879, shi ne uban kusan duk baƙin keken da ke kasuwanninmu. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan sun kwaikwaye shi, kekunan Usha ta Indiya da Butterfly ta Shanghai ma irin ƙirarsa ne. Shi ya sa allura da kwarkwaron ɗaya ke shiga ɗaya, wasu sassan ma haka. Gwangwanin mai gyara cike yake da ƙusoshi da ƙoshiyoyin matattun kekuna, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga Singer ɗan Sikotland yana ɗinki da ƙoshiyar Sin. Ba ko yaushe take zama daram ba, wani lokaci sai an bi bakinta da lallausar takardar yashi har ta daina yanke zare. Wannan ba ya cikin littafin kowane kamfani, yaron shago a hannun maigidansa yake ganinsa.

Sababbin kekuna masu zane-zanen ɗinki suna da kyau, ba na musu. Amma da yawansu haƙoran cikinsu na roba ne, in ɗaya ya tsage sai an aika Maraɗi ko Kano, a yi ta jira. Kuma wuta suke ci. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, telan da ke da keken ƙafa bai rufe shago ba. Igiyar da ke juya wili in ta tsinke, mai gyara ya yanke inda ya lalace, ya huda bakin biyu, ya haɗa su da ɗan guntun waya, tela ya koma kan shaddar da mai ita ke jira tun safe.